TSAKAR BANGON SABO DA 'YAR UWARTA TA TSIBIRI

Daga Wakilinmu a Ibadan

A wani dare cikin daminar bara, a gidan da nake haya a unguwar Sabo ta Ibadan, an yi wata 'yar hayaniya wadda ita ce sanadin wannan bayani. Uwargidan mai gidanmu ta tuƙa tuwo, ta sauke miya, ta shiga ɗaki ɗauko kwanuka. Kafin ta fito sai wata tsaka ta suɓuto daga jikin rufin kwano ta faɗa cikin tukunyar miyar. Yara suka sa ihu, mata suka yi ta salati. Nan take aka ɗauki tukunya guda ta miyar kuka, da namanta da man shanunta, aka kai kwata aka tuttular. Mutum goma sha ɗaya muka kwana a kan garin rogo da ƙuli-ƙuli.

Da na ce, "Inna, ai da an tsame ta an ƙara tafasa miyar," sai ta dube ni ta ce, "Malam, so kake in kuturtar da 'ya'yan mutane?" Ban ƙara cewa kome ba, don kuwa ni ma da wannan magana aka rene ni a gida.

Muna zaune a zaure bayan sallar lisha ana ta mai da zance, sai wani saurayi ɗan dako, mutumin ƙasar Katsina, wanda ke kwana a zauren, ya ɗaga rigarsa ya nuna mana wani tabo fari-fari a gadon bayansa, faɗinsa kamar tafin hannun yaro. Ya ce fitsarin tsaka ne, yana barci ta yi masa, kuma ya fi shekara yana shafa magani amma tabon sai ƙara faɗi yake yi. Wannan tabo shi ya hana ni barci, shi ya sa na shiga tambaya da karance-karance game da wannan 'yar halitta da muke kwana ɗaki ɗaya da ita amma ba mu san ta ba. Binciken ya kai ni har wani tsibiri a hayin teku, inda ƙaramar 'yar uwarta take zaune. Ga abin da na samo.

SIFFAR TA BANGONMU

Masana sun ƙidaya ire-iren tsaka fiye da 2,000 a duniya. Wadda aka fi gani a bangon gidajen Afirka ta Yamma, daga Ikko har Sakkwato, suna kiranta Hemidactylus angulatus, akwai kuma wata mai kama da ita ƙwarai da suke kira Hemidactylus mabouia. Tsawonta har da wutsiya yakan kai inci 4 zuwa 6. Fatarta taushi gare ta, da 'yan ƙuraje-ƙuraje a gadon baya. Da rana, in tana maƙale a bayan kabad, launinta yakan yi duhu da ɗigo-ɗigo. Da dare kuwa, in ta fito gindin fitila, sai ta koɗe ta yi fari-fari har mutum ya hango ƙwan da ke cikin macen ta cikin fata.

Idanunta manya ne, ba su da fatar rufewa. Wani ɓawo ne garai-garai kamar gilashi ya lulluɓe su, in ya yi ƙura sai ta sa harshe ta lashe. Ƙwayar idon a tsaye take kamar ta kyanwa, tana buɗewa cikin duhu ta tsuke cikin haske. In aka kama ta ta wutsiya sai ta yar da wutsiyar ta gudu, wutsiyar ta yi ta mutsu-mutsu a ƙasa, mai farauta ya shagala da ita. Bayan 'yan watanni wata ta tsiro, amma ta guringuntsi ce, ba ta ƙashi ba.

Babban abin mamaki a jikinta shi ne ƙafa. Mutane da yawa sun ɗauka wani danƙo ne take fitarwa, wasu kuma suna cewa wannan danƙon shi ne dafin. Ba haka ba ne, ƙafar tsaka a bushe take ƙayau. A ƙarƙashin kowane yatsa akwai waɗansu 'yan faifai jere, kowane faifai cike da gashi dubbai wanda ido ba ya gani, kowane gashi kuma kansa ya rarrabu ɗaruruwa. A shekarar 2000 wani masani ɗan Amurka, Kellar Autumn, da abokan aikinsa suka auna ƙarfin gashi guda ɗaya tak. Bincikensu ya nuna cewa kawunan gashin suna matsuwa da bango ne ƙwarai da gaske, har ɗan jan da ke tsakanin ƙananan ƙwayoyin abu biyu ya riƙe su. In ta so ɗaga ƙafa sai ta lanƙwasa yatsun sama, gashin ya saki. Watau da gashi take tafiya a kife a rufin ɗaki, ba da wani ruwa ba.

Abincinta kuwa ƙwari ne: sauro, da ƙuda, da asu, da 'ya'yan kyankyaso, da shinge in an yi ruwan farko. Shi ya sa ba ta rabuwa da gindin ƙwan lantarki. Macen takan sa ƙwai biyu farare masu ƙarfin ɓawo a cikin tsagar bango, ko bayan akwati, ko cikin tsummokara, su ƙyanƙyashe bayan wajen wata biyu.

Duk wanda ya san Sabo ya san an yi wa tsaka gida. Tun 1916 aka keɓe wa Hausawa wannan wuri kusa da Mokola, filin bai ƙaru ba amma jama'a kullum ƙaruwa suke yi. Ɗaki ya jingina da ɗaki, tsofaffin bangaye sun tsattsage, rufin kwano yana riƙe zafin rana har dare, kwatoci suna haifar da sauro, fitilun masu tsire da masu shayi da 'yan canji suna tara ƙwari har tsakar dare. Maɓoya da ɗumi da abinci, abubuwa ukun nan su ne dukan bukatarta. Maƙwabtanmu Yarabawa suna kiranta omonile, watau ɗan mai gida, kuma da yawansu ba sa taɓa ta. Abin dariya ne a ce a gari ɗaya, a hayin titi ɗan mai gida ce, a wannan hayin kuwa abar kashewa da takalmi.

'YAR ƘARAMAR TA TSIBIRI

To, yanzu sai mai karatu ya biyo ni mu ƙetare Tekun Atalantika mu nufi yamma. Kafin a kai gaɓar Amurka akwai tarin tsibirai da ake kira Karebiyan. Ɗaya daga cikin manyansu shi ne Hisfaniyola, wanda ƙasashe biyu suka raba, Haiti a yamma da Jamhuriyar Dominika a gabas. A can ƙuryar kudu ta Jamhuriyar Dominika akwai wani ɗan tsibiri mai suna Beata, wanda babu gari a cikinsa sai bukkokin masunta. Ƙasarsa farin dutse ne mai kaifi, cike da ramuka da koguna, dajinsa kuma busasshe ne, na ƙaya da gajerun itatuwa.

A shekarar 2001 waɗansu masana biyu, Blair Hedges na Jami'ar Jihar Pensilbaniya da Richard Thomas na Jami'ar Puwato Riko, suka ba da sanarwar sun gano wata irin tsaka a wannan tsibiri wadda ba a taɓa rubuta labarinta ba. Suka sa mata suna Sphaerodactylus ariasae, don girmama Yvonne Arias, wata mata 'yar ƙasar da ta daɗe tana fafutukar kare dazuzzukan yankin.

Babbar da ta gama girma, daga hanci zuwa gindin wutsiya, milimita 16 ce, watau ba ta kai rabin tsinken ashana ba. Nauyinta bai kai kashi ɗaya cikin biyar na giram ba. In ta naɗe jikinta, sai ta zauna daram a kan farcen babban yatsa. Launinta ƙasa-ƙasa ne mai duhu da 'yan ɗigo, daidai da launin busasshen ganye, har mutum zai iya taka wurin sau goma bai gan ta ba. Ita ma idonta ba shi da fatar rufewa. Amma yatsunta ba su da faifai masu faɗi irin na tamu, ɗan dunƙule guda ne kawai a kan kowane yatsa, kuma daga nan sunan danginta ya samo asali, don ma'anarsa da Girkanci mai yatsa kamar ƙwallo. Danginta sun fi iri 100, yawancinsu a tsibiran Karebiyan. Macensu ƙwai ɗaya take sawa a lokaci guda, domin cikin ba zai ɗauki biyu ba.

Ba ta hawa bango, ba ta san fitila ba. Duniyarta duka ita ce tarin ganyen da ya zuba a gindin itatuwa da bakin ramukan dutse, inda take farautar ƙwarin da suka fi ƙwayar gero ƙanƙanta. An same ta a Beata da kuma gaɓar da ke fuskantar tsibirin, cikin gandun dajin Jaragua wanda gwamnatin ƙasar ta keɓe a 1983. Ban da nan, babu inda take a faɗin duniya.

Me ya ɗaure ta a wuri ɗaya haka? Ƙishirwa ce. Duk abin da ya ƙanƙance, fatarsa tana da yawa in an gwada da abin da ke cikinsa, saboda haka ruwan jikinsa saurin tsanewa yake yi. Matan gida sun san wannan: kuɓewar da aka yanka ƙanana tana riga wadda aka bari guda bushewa. An taɓa gwada wata 'yar uwarta mai girma kusan ɗaya, ta tsibiran Bajin, wadda shi Richard Thomas ya bayyana a 1965, aka ga ruwan jikinta yana fita da sauri fiye da na manyan ƙadangaru nesa ba kusa ba. Don haka tilas ta laɓe inda akwai laima. In aka sare itatuwa, inuwa ta kau, ganye ya bushe ƙarau, to, kwananta ya ƙare, ba kuwa ta da ƙafar da za ta kai ta wani dajin. Wannan ba tsoron banza ba ne. A 2018 Hedges da abokan aikinsa suka buga binciken da ya nuna cewa dajin asali da ya rage a Haiti, maƙwabciyar wurin, bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasar ba, saboda noma da ƙona gawayi. Mu da muka fito daga inda ake sare itace don girki har hamada ta matso, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Shekaru ashirin ana lissafa waɗannan biyu a matsayin mafi ƙanƙanta cikin dukan dangin ƙadangare da maciji. Sai a 2021 aka bayyana wata hawainiya a tsibirin Madagaska wadda namijinta milimita 13 da rabi ne. Ita ma dai a tsibiri take, ita ma cikin tarin ganye.

YADDA TAMU TA ƘETARE TEKU

Mai karatu zai ce, to ina ruwan Sabo da tsibirin Beata? Ga inda zaren ya haɗu. A garuruwan Hisfaniyola da Kyuba da Puwato Riko akwai wata tsakar bango wadda aka daɗe ana ɗauka 'yar asalin can ce, har aka laƙaba mata sunan Haiti. A 2007 shi wannan Hedges da wani abokin aikinsa suka gwada ƙwayoyin gadonta, sai suka tarar ashe tamu ce ta Afirka ta Yamma, bambancin da ke tsakani bai taka kara ya karya ba. Da a ce ta yi dubban dubban shekaru a can, da jininta ya sake. Abin da suka fi zato shi ne cikin jiragen ruwan cinikin bayi ta shiga, ta ɓuya cikin itacen girki da kayan abinci, ta sauka tare da 'yan uwanmu da aka kwasa daga wannan gaɓa. Haka kuma ɗayar, watau mabouia, yau ta cika gidajen Barazil da tsibiran Karebiyan har ta kai jihar Fulorida ta Amurka.

Abin da ya ba ta wannan iko shi ne ƙwanta mai ƙarfin ɓawo wanda ba ya saurin bushewa, da haƙurin yunwa, da iya maƙalewa a tsagar da ko wuƙa ba ta shiga. Tun kafin a ƙera jirgi ma danginta suna ƙetare ruwa a kan kututturan da ambaliya ta tumɓuke. A kudu da gaɓarmu akwai tsibiran Sawo Tome da Pirinsipe da Annobon, waɗanda dutse mai aman wuta ya tayar daga ƙarƙashin teku, ba su taɓa haɗuwa da ƙasar Afirka ba, amma kowannensu yana da irin tsakarsa da babu ita a ko'ina. A Sawo Tome akwai wata 'yar ƙarama mai yawo da rana a jikin itatuwa. Wata danginta kuma tana nan a dazuzzukan Kurmi da tsibirin Biyoko, wanda dattawanmu suka sani da Fanando Po ko Fanya, inda 'yan Nijeriya da yawa suka yi ƙwadago a gonakin koko kafin a kwaso su a 1975 da 1976. Wanda ya lura da kututturan itatuwa a gonakin goro zai iya ganinta, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba.

Wanda ya taɓa kwance huhun goro ko ya sauke buhunan wake daga mota ya ga tsaka ta fito da gudu, ya ga wannan tafiya da idonsa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, kaya ke hawa da sauka tsakanin Kudu da Arewa, ita kuwa ba ta biyan kuɗin mota. Albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko. Tsakar Beata ba ta iya barin inuwar da aka haife ta, tamu kuwa duk inda ɗan Adam ya kafa bango ya kunna fitila, nan ne garinsu. Amma a cikin su biyun, da sauran iri dubu biyun duka, babu ko ɗaya mai dafi. Ba a haƙori ba, ba a fata ba, ba a yawu ba.

INA MAGANAR KUTURTA TA SAMO ASALI?

Ba mu kaɗai ke zargin tsaka da kuturta ba. A littattafan Larabci ana kiran babbarta da wani suna mai haɗe da kalmar baras, wadda mu muka ara muke cewa albaras, watau ciwon da ke sa fata ta yi fari. Mutanen Masar har yau da sunan da ya fito daga wannan kalma suke kiranta. A Indiya da Pakistan ma akwai masu irin wannan tsoro. Dalilin a fili yake. Halitta ce koɗaɗɗiya, mai ƙuraje, tana saɓa fata fara tana yarwa, wutsiyarta kuma tana guntulewa kamar yatsan kuturu. Mutanen dā suka ga kama, suka ɗauka sanadi ne.

Na san wani zai ce, ai akwai hadisi. Gaskiya ne, ya zo a cikin Buhari da Muslim cewa an yi umurni da kashe ta, an kuma ambaci hura wutar da aka jefa Annabi Ibrahim, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Wannan fage ne na malamai, ni ba malami ba ne, ban kuwa zo in hana kowa abin da malaminsa ya karantar da shi ba. Abin da nake so a lura shi ne, waɗannan hadisai ba su ce tana sa kuturta ba. Wannan ƙari ne na mutane, kuma ƙarin shi ke cutar da mu.

An san mai kawo kuturta tun 1873, sa'ad da wani likita ɗan ƙasar Nowe, Armauer Hansen, ya hango ƙwayar cutar da madubin likita a garin Bergen. Daga mutum take zuwa ga mutum, ta hanyar ɗigon majina da numfashin wanda bai sha magani ba, kuma sai an daɗe ana zaune tare a kusa. Mutum 95 cikin 100 jikinsu yana kashe ƙwayar da kansa, ko sun shaƙa ba za su kamu ba. Wanda ya kamu kuwa, alamar takan ɗauki wajen shekara biyar kafin ta fito, wani lokaci har ashirin. Shi ya sa mutum ba ya tuna inda ya samo ta, sai ya tuna tsakar da ya gani a kan gadonsa makon jiya. Game da fitsarin da ake faɗa, tsaka ba ta yin fitsarin ruwa irin na akuya. Farin ɗigon nan da ke kan bakin kashinta, shi ne fitsarin, a daskare yake fita kamar na tsuntsu.

Alamar farko ta kuturta tabo ne mai haske ko ja-ja a fata, wanda ba ya ƙaiƙayi, ba ya gumi, kuma in an shafa shi da auduga ko an taɓa da tsinke mutum ba ya ji. Wannan rashin ji shi ne ya raba shi da ƙyasbi da makero. Cutar jijiya take ci. Yatsu ba faɗuwa suke yi haka kawai ba: hannun da ba ya jin zafi shi ke ƙonewa a murhu, ƙafar da ba ta jin ƙaya ita ke yin gyambo, a hankali har gaɓa ta lalace. Duk wannan kuwa ana iya tare shi in an zo da wuri.

Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magunguna da ke warkar da kuturta sarai, tun 1995 kuma kyauta ake ba da shi a duniya duka. Wata shida ake sha in cutar ba ta yi yawa ba, wata goma sha biyu in ta yi yawa, kuma da an fara sha mutum ya daina sa wa wani. Nijeriya ta kai matsayin da hukumar ta ɗiba na rage cutar a 1998, amma har yanzu kowace shekara ana samun sababbin masu ita fiye da dubu, waɗansu kuma sai gaɓa ta riga ta taɓu suke zuwa. Dattawa sun san Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, inda a dā ake kai mutum ya yi shekaru nesa da danginsa. Yanzu ba a tsare kowa. Mutum yana gidansa, yana sana'arsa, yana karɓar maganinsa wata-wata a asibitin gwamnati, ƙarƙashin shirin tarayya na yaƙi da tarin fuka da kuturta, wanda makarantar horar da ma'aikatansa take Saye kusa da Zariya. An yi ƙarancin maganin a ƙasar nan a 2024, sai a watan Maris na 2025 ya iso, saboda haka wanda ya je a lokacin aka ce babu, ya daure ya koma.

Wannan magana ta shafi Sabo musamman. Baturen nan mai binciken al'adu, Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar a 1962 da 1963 ya kuma buga littafinsa a 1969, ya tarar da makafi da guragu da kutare kowanne da sarkinsa, jama'a kuma suna ɗauke da su da sadaka. Wannan abin yabo ne. Amma sadakar da ta fi ita ce a kama hannun yaro a kai shi asibiti tun tabon yana guda ɗaya.

LAIFINTA NA GASKIYA

Kada kuma a ce na wanke tsaka tas. Tana da laifi guda, a kashinta yake. A shekarun 1980 masu bincike a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka sun duba hanjin tsakar gidaje, suka sami ƙwayar salmonela a cikin waɗansunsu. Wannan ƙwaya tana sa gudawa da amai da zazzaɓi, tana kuma yi wa ƙananan yara da tsofaffi illa ƙwarai. Irinta ce ake samu a kashin kaji da na ƙadangare da na ɓera. Wuta tana kashe ta. Saboda haka miyar da ke tafasa ba ita ce abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne kwanon fura da aka bari a buɗe a ƙarƙashin rufi, da randar da ba murfi, da tuwon da ya kwana ba a ɗumama shi sosai ba, da yaro mai rarrafe yana tsintar abin da ya gani a ƙasa.

Maganin wannan ba ya cin ko kwabo. A rufe abinci da ruwan sha. A share kashinta daga kan taga da kanta, a wanke hannu da sabulu. A liƙe tsagar bango. A matsar da fitila daga saman inda ake girki ko ake shanya kwanuka, don inda fitila take nan ƙwari suke, inda ƙwari suke nan take. A yashe kwata, sauro ya ragu, ita ma za ta ragu da kanta. Abinci mai sanyi in ta faɗa ciki, a zubar saboda ƙazanta. Wanda kuma ransa ya ƙi miyar da ta faɗa ko da an tafasa, ba a tilasta masa, ƙyama halin ɗan Adam ce. Amma ya sani ƙyama ce ta sa ya zubar, ba dafi ba, kada ya kwana yana duba fatar 'ya'yansa.

Shi kuwa saurayin zaurenmu, sai da muka yi mako biyu muna fama da shi, don yana tsoron kada a ji a daina ba shi dako. Daga baya mai gidanmu ya kira shi ya ce, "Yaro, ubanka amana ya ba ni, gobe za ka bi Malam asibiti." Muka tafi da sassafe. Ma'aikacin ya sa shi ya rufe ido, ya shafa auduga a kafaɗarsa, ya ce ya ji. Ya shafa a kan tabon, shiru. Aka rubuta masa maganin wata shida, aka kuma duba mu duka da muke kwana kusa da shi, ba a sami kowa da kome ba. Ya shanye maganinsa, yatsunsa goma cif, jiya ma na gan shi ya ɗauko buhun albasa a ka. Da ya ƙara shekara biyu yana zagin tsaka yana shafe-shafe, Allah kaɗai ya san yadda hannun nan zai zama.

Inna dai har gobe ba ta yarda da ni ba game da miya, amma ta sayi tukunya mai murfi, ta kuma sa an mai da ƙwan lantarki bakin ƙofa. Jama'a, duk wanda ya ga tabon da ba ya ji a jikinsa, ko a jikin ɗansa, ko na almajirinsa, ko na yaron shagonsa, kada ya tsaya neman tsakar da ta yi. Ya nufi asibiti. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya a wannan ƙasa ta baƙunci, ya mai da mu gida da alheri, amin.